Alƙunutun Baba

Shekara talatin da 'yan kai mahaifina ya yi yana aikin reluwe, kuma a iya sanina bai taɓa yafe wa wanda ya makara ba. Shi ne mutumin da za a ce ɗaurin aure ƙarfe biyu, ya isa biyu saura kwata, ya zauna kan tabarma shi kaɗai yana duban agogo yana tsaki. Saboda haka da tsufa ya mayar da shi wanda ake tafiya a bari a baya, bai ɗauki abin da sauƙi ba, mu ma da ke kusa da shi bai bar mu mun sha ruwa ba.

Ni ne ɗansa na fari. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zaunar da ni ya koya mini wani abu baki da baki ba. Kara ce irin ta mutanen da. In yana son in yi wani abu sai ya faɗa wa wanda ke kusa da ni, in babu kowa ya faɗa wa bango, ni kuma in tsinta. A ɗakin kakata na tashi a Jushi, gida ɗaya da shi amma kamar 'yan haya. Har furfura ta fito mini a gemu, “wannan” nake a bakinsa.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ana sallamo shi daga asibiti na ɗauke shi daga Jushi na kawo shi gidana a Samaru, inda nake da shagon buga takardu da kwafi kusa da ƙofar jami'a. Ƙafa ta ɗan dawo, hannu ya dawo rabi. Harshe ne ya yi nauyi. Maganarsa ana ganewa, amma kowace kalma sai ya tauna ta kafin ta fito. Salla kuma sai a zaune, don haka na sayo farar kujerar roba irin ta gidan biki, kuma daga ranar ni da kujerar nan muka zama abokan tafiya.

Masallacin layinmu ƙarami ne, taku kaɗan daga gida. Rabin masu salla a cikinsa ɗalibai ne da ke haya a ɗakunan unguwar, limamin ma ɗalibi ne, yaro mai ladabi da zaƙin ƙira'a, yana karatun digirinsa na biyu. Azahar da la'asar da sauran duk Baba bai sami abin cewa ba. Asuba ce ta zame mana bala'i.

Alƙunutu, yadda muka taso muka gani, a raka'a ta biyu ake yin sa, bayan liman ya gama sura kafin ruku'u, kowa a asirce. Liman ya yi shiru, sahu ya yi shiru, sai motsin leɓe. Mai lafiyar harshe cikin numfashi uku ko huɗu ya gama. Baba kuwa yana cikin fafutuka da rabin farko sai ya ji an yi kabbara, dole ya katse ya bi liman. Ranar farko bai ce komai ba. Rana ta biyu muna fitowa, ina riƙe da kujera a hannu ɗaya, kafaɗarsa a ɗayan, sai ya dubi wata bishiyar darbejiya ya gaya mata cewa liman ya tashi bai ɗauki fasinja ba. Haka ya ci gaba kullum. Matata ta kawo koko, ya ce mata an bar shi a tasha. Yarana su zo gaisuwa kafin su tafi makaranta, su ma sai sun ji labarin limamin da ke gudu kamar an biyo shi. Ni da ake nufi da maganar ba a taɓa duban inda nake ba.

Na je na sami limamin bayan isha'i, ina ta kame-kame. Yaron kirki, ya saurare ni, ya ce in sha Allahu zai ƙara. Ya kuma ƙara ɗin. Sai dai abin da ya ƙara a wurinsa dogon jira ne, a wurin Baba ko ƙofar rabi na biyu bai kai shi ba. Na koma karo na biyu. Wannan karon ya sosa ƙeya ya ce mini a bayansa akwai masu jarrabawa ƙarfe bakwai, akwai masu bin layin ruwa, akwai wani tsoho mai ciwon gwiwa da ya riga ya yi ƙorafin tsawon tsayuwa, kuma an umarci liman ya sauƙaƙa. Gaskiya ya faɗa. Na dawo gida ina jin haushinsa, ina jin haushin Baba, ina jin haushin mai ciwon gwiwar da ban ma san ko wane ne ba.

A nan maƙwabcina ya shigo cikin lamarin. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, dattijo a cocinsu da ke Sabon Gari, yana da keke mai ƙafa uku da yake sammako da shi yana ɗauko wa mata kayan miya daga kasuwa. Yakan shigo gaishe da Baba, su yi ta hirar jirgin ƙasa, don shi ma kawunsa ya yi aikin. Baba ya kwashe labarin duka ya gaya masa. Maimakon ya ba shi haƙuri kamar kowa, bawan Allahn nan sai ya buɗi baki ya ce ai masallatai ba su ƙare ba a garin nan, shi kuma dama fita yake yi a wannan lokacin, me zai hana ya riƙa kai mu muna gwadawa. Na harare shi ta bayan Baba har idona ya yi zafi. Bai ma lura ba.

Haka muka fara yawon asuba. Kiran farko ya tashe ni, in ɗora ruwan zafi, in yi wa Baba alwala, in sa masa hula, in ɗaura kujera a bayan keke da igiyar roba, mu kama hanya ina hamma. Mun fara da masallatan Samaru. A wani limamin ya fi namu sauri. A wani kuma matakala ce har shida, sai da mutum biyu suka taimaka muka haura da shi, muka tarar an kusa sallamewa. A Palladan muka sami wani babban masallaci mai kafet mai laushi, liman yana gama sura ya yi ruku'u kai tsaye, babu shirun ko kaɗan. Bayan salla wani dattijo ya yi mana bayani cikin mutunci cewa su a fahimtarsu sai wata masifa ta sauka ake yi. Baba ya gode masa, muna shiga keke ya ce wa maƙwabci nan ko tsayawa ba a yi a tashar. Wata rana kuma muka faɗa inda liman ke yi a bayyane bayan an ɗago daga ruku'u, hannuwa a sama, jama'a na amsawa da amin. Na yi murna, na ce shi ke nan, ga mai ɗauke masa nauyin. Baba ya ce addu'a ce mai kyau, Allah ya karɓa, amma shi da bakinsa yake so ya yi tasa.

Maƙwabci yana jiranmu a waje kullum, ya naɗe hannu cikin rigar sanyi. Ba a yi mako ba ya haddace tambayar. Da ya hango mu sai ya ce, “Baba, yau an kai?” Baba ya girgiza kai ya faɗi inda aka tsaya. Har ya zama mutumin nan da bai taɓa shiga sahu ba ya san alƙunutu rabi biyu ne, ya san na biyun ya fi tsawo, ya san in Baba ya ce ya taɓa na biyu to ranar an yi ƙoƙari.

Ni kuwa shago ya fara gaya mini. Ina buga wa ɗalibi takardunsa sai in farka in ga na cika rabin shafi da harafi ɗaya. Na yi wa wata yarinya kwafin littafi a juye, ta tsaya tana yi mini Turanci a kai. Matata ta ce in yi haƙuri, lada nake samu. Na ce mata ladan da ake samu ana ƙunƙuni ban san nawa yake saura ba.

To amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kuma shi ya fi ci mini rai a duk yawon nan. Ni kaina ban iya alƙunutu ba. Na san farkonsa, inda ake neman taimakon Allah da gafararsa, a yi imani da shi, a dogara gare shi. Daga nan sai duhu. A makarantar allo an biya mana, na riƙe na 'yan kwanaki ya zube, kuma da yake abu ne da ake yi a asirce babu wanda ya taɓa tambayata. Shekara arba'in ina tsayawa a sahu, in karanta ɗan abin da na sani, in ci gaba da motsa leɓe har a yi kabbara. Sau nawa na ce gobe zan koya. Liman mai sauri ni rufin asirina ne. Ga ni kuma ina zaga gari da kujera ina neman wanda zai tsawaita shirun da ba ni da abin cika shi.

Ƙarshen haƙurina ya zo ranar da muka je Jushi, tsohon masallacinsa. Tun farko can yake so, ni nake ƙi saboda nisa. Ranar muka yi sammakon gaske, muka ratsa Sabon Gari shaguna duk a rufe, sai masu shayi ke hura wuta. Limamin da Baba ya bi shekara da shekaru ya rasu tun bara, ɗansa ke ja. An tarbe shi da murna, tsofaffin abokansa suka matsa masa a sahun farko. Aka zo raka'a ta biyu, aka yi shirun, ina jin raɗarsa a gefena tana ja da ƙyar, ya shiga rabi na biyu, ya ɗan yi nisa, sai kabbara. A masallacin da ya taimaka aka yi wa rufi da hannunsa.

A hanyar dawowa, daidai Palladan, bakina ya kuɓuce. Na ce, “Baba, abin nan fa mustahabbi ne. Wanda ya bar shi ko sujadar rafkanuwa ba ya yi. Sallarka ta cika. Don Allah a bar mu mu huta haka.”

Baba bai dube ni ba. Ƙeyar maƙwabci ya duba.

“Maƙwabci, ka ji ana koya mini karatu.” Ya daɗe yana haɗa sauran. “Tsayuwa ta tafi. Ruku'u sai dai in sunkuyar da kai. Goshina bai taɓa ƙasa ba tun da na kwanta. Wannan kaɗai ya rage mini da zan yi kamar kowa a cikin sahu. Ka ce mishi in ya gaji ya ajiye kujerar.”

Ba sai maƙwabci ya isar da saƙon ba, na ji da kunnena. Kunya ta kama ni, haushi kuma bai sake ni ba. Na sauke kujerar a ƙofar gida da ƙarfi har ƙafarta ɗaya ta tsage, na ɗaure ta da waya kafin azahar.

Ba a daɗe ba damina ta kankama. Wata asuba aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, layinmu ya zama rafi, ko masallacin kusa ba ya tafuwa da mai ƙafa ɗaya. Na yi wa Baba alwala, na shimfiɗa darduma a falo, ina murna a ɓoye yau kowa zai yi tasa. Sai na ji yana gaya wa matata cewa mutum biyu ma jam'i ne, kuma na zaune ba ya jan na tsaye. Wato ni zan ja. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na tsaya, kujerarsa a damana, matata a bayanmu. Na yi raka'ar farko lafiya. A ta biyu na gama sura na yi shiru, na karanta ɗan guntun da na sani, ya ƙare. Da ni kaɗai ne da tuni na yi ruku'u. Amma ga raɗar Baba a gefena, kusa da kunnena, ko farkon bai fita ba. Na ce a raina, duk garin nan na zagi limamai a kan wannan, bari in ga ko ni zan iya. Na tsaya. Wallahi ban san shiru yana da tsawo haka ba. Ruwa na dukan kwano, ƙafata ta fara ƙaiƙayi, shi kuwa yana tafiya kalma bayan kalma, ya tsaya ya haɗiyi yawu, ya koma baya ya gyara wadda ta karkace, ya ci gaba. Ya wuce inda nake tsayawa, ya shiga wuraren da na manta akwai su. Da ya kai ƙarshe na ji ya saki numfashi, sannan na yi kabbara.

Na zaci zai ce wani abu. Da aka shafa addu'a, ya ce wa matata kokon yau a sa masa sukari kaɗan.

Ruwa ya yi ta zuwa da asuba a makonnin nan, hanya ta lalace, muka ci gaba da yi a falo. A nan na lura da wani abu. Farkon addu'ar Baba yana yin sa can ƙasa-ƙasa, da ƙyar nake ji. Amma da ya iso daidai inda nawa ke ƙarewa, sai raɗar ta ɗan ɗaga, ta ƙara jinkiri, kowace gaɓa a rarrabe kamar mai ba yaro abinci a baki. Na ce wa kaina nauyin harshe ne kawai. Na nemo rubutun a waya ina dubawa a shago tsakanin kwastoma da kwastoma, amma abin da ya zauna mini a kai na falo ne. Har wuraren da yake tsayawa ya haɗiyi yawu, ni ma a nan nake tsayawa, ba tare da na yi niyya ba.

Kada a ɗauka ya gamsu. Da hanya ta bushe sai ya fara gaya wa bango cewa falo falo ne, masallaci masallaci ne, shi bai ce a mayar da shi mace mai jego ba. Na ji kamar in fasa ihu. Muka koma masallacin layi, aka koma barin sa a tasha, ya koma kai ƙara wurin darbejiya.

Sai jami'a ta yi hutu. Samaru ta yi fayau, masu abinci suka rage tukunya, limaminmu ya tafi garinsu. Na'ibinsa shi ma ɗalibi ne, ya tafi. Asubar farko aka tayar da iƙama, aka tsaya ana kallon-kallo, mu goma sha wani abu. Ladan, wanda matarsa ƙawar matata ce kuma babu abin da ke faruwa a falona da bai sani ba, ya ce ai ga wanda ya saba jan mahaifinsa. Na ce a'a, na ce ga manya. Aka turo ni gaba. Ina jin ladan yana jan kujerar roba, ƙafarta mai waya tana ƙara a kan siminti, ya ajiye ta daidai bayana. Babu wuta ranar, babu lasifika, babu fanka.

Na gama sura a raka'a ta biyu, na yi shiru. Na fara nawa a hankali, ina jin nasa a bayana, muna tafiya tare. Muka zo inda raɗarsa ta saba ɗagawa. Ranar ba ta ɗaga ba. Ya bar ni ni kaɗai, na wuce wurin, ban yi tuntuɓe ba. Wani ya yi gyaran murya a sahu na biyu. Wani ya sake yi, da ƙarfi, irin wanda ake yi wa limamin da ake zaton ya manta inda yake. Na gane mai ciwon gwiwar ranar, don har nishinsa na ji. Zufa ta keto mini a sanyin nan. Na ce a raina ku yi ta tari har rana ta fito. Na kai ƙarshen nawa, na tsaya ina jira. Baba ya tsaya ya haɗiyi yawu, ya gyara kalma ɗaya, ya ja ta ƙarshe har ta fita duka. Na ji numfashin nan. Na yi kabbara.

Bayan salla mai ciwon gwiwa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce malam, a riƙa tunawa da marasa lafiya. Na ce masa da su nake tunawa. Na ɗauki kujera, na kama kafaɗar Baba, muka fito.

Maƙwabci yana ƙofar gidansa yana goge gilashin keke zai fita kasuwa. Ya daɗe bai yi tambayar ba, amma da ya gan mu sai bakinsa ya riga shi.

“Baba, yau an kai?”

Baba ya tsaya, ya gyara tsayuwarsa a jikina. Bai dube ni ba, kamar yadda bai taɓa yi ba.

“An kai, maƙwabci.” Ya tauna sauran a hankali. “Har limamin ma yau ya kai.”

Maƙwabci ya yi dariya ya ce madalla, bai gane me ake nufi ba. Ni na sani. Na tsaya da kujera a hannu ina lissafin asubahin da na yi a gefensa ina motsa leɓen banza, a Samaru da Palladan da Jushi, da waɗanda suka gabace su tun ina yaro. Baba ya ɗan ja hannuna, ya gaya wa ƙofar gida cewa koko yana hucewa.